Mai Sharar Sha-Yanzu

Ɗan gwaggona, wanda kowa ke kira Sha-Yanzu, bai taɓa ganin matsalar da ta wuce "ƙaramin abu ne" ba. Ko mota ce ta kama da wuta a gabansa, cewa zai yi, "Ku ba ni wuri, sha yanzu magani yanzu." Daga nan sunan ya samo asali, kuma ba wanda ya kai shi son sa. Ni abokiyar wasansa ce, don haka ina da lasisin faɗa masa gaskiya, Allah kuma ya haɗa mu aiki a ofis ɗaya don kada lasisin ya yi tsatsa.

Ofishin na yayarsa ne. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, tebur uku, fanka mai kuka, sai bangon katako da ya raba mu da shagon wani tela. Yaya ce ta rubuta manhajar da muke ci da ita, shekaru ta kwashe tana gina ta. Sunan da muka sa mata Tafinta, don aikin ke nan: ma'aikatan asibiti su rubuta masa 'yan umarni cikin sauƙin harshe, shi kuma ya fassara wa kwamfuta. Da shi ake tafiyar da layi a ɗakin jiran wani asibiti da ke bayan titinmu. Mara lafiya ya karɓi lamba a ƙofa, a shigar da ɗakin da zai je, ya nemi wuri ya zauna. In layi ya zo kansa, allo ya nuna lambar, lasifika ta kira shi. Wannan asibitin shi kaɗai ne abokin cinikinmu. Ranar da ya sallame mu, ranar za mu rufe ofis, wahalar Yaya ta tashi a banza. Ni aikina gwaji, wato in yi ta tsokanar Tafinta har sai na gano inda yake kuskure, shi ya sa Sha-Yanzu ke kirana Mai-neman-laifi.

To, Tafinta yana da wani ciwo. Duk lambar da aka bayar, sai ya ari ɗan gurbi a memorin kwamfuta ya ajiye lambar da ɗakinta. In an gama da mutum, akwai wani ɓangare da muke kira mai shara, shi ke zuwa ya share gurbin ya mayar da shi don wani ya samu. Sai dai akwai guraben da ake ara ba a mayarwa, kuma ba mu san ko waɗanne ne ba. Da safe Tafinta garau yake, kafin la'asar ya cika ya kumbura, allo ya daskare. Babbar nas ta asibitin ta gaji da kashewa da kunnawa. Ta ce mu gyara kafin ƙarshen wata, ko mu zo mu kwashe kayanmu.

Ana cikin haka likita ya ce Yaya ta kwanta, don cikinta ya tsufa kuma jininta ya hau. Ranar da za ta tafi gida ta tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙugu, ta dubi ƙanenta.

"Abu ɗaya nake roƙonka. Ka nemo inda yake yoyo, ka zo ka nuna mini. Kar ka taɓa mai shara."

"Haba Yaya, je ki yi barcinki. Irin wannan ai da ido rufe nake yin sa."

"Da ido buɗe nake so."

Ƙafarta ba ta gama sauka daga bene ba ya janye kujerarta mai juyawa ya haye.

Dabararsa ta farko ita ce ya sa Tafinta ya riƙa ba da rahoto. Duk inda aka ari gurbi ya ce "an ɗauka", duk inda aka mayar ya ce "an mayar". A gaskiya wannan ba mummunar dabara ba ce, da a rubuce ya sa a yi. Amma gogan naka sai ya tura rahoton ta hanyar da ake kiran marasa lafiya, ga shi muna da lasifikar gwaji a maƙale jikin bangon katako. Yana danna maɓalli ɗaki ya ɗauka: "An ɗauka. An ɗauka. An ɗauka. An mayar. An ɗauka. An ɗauka."

Ba a jima ba sai ga tela ya leƙo, tef a wuya, almakashi a hannu.

"Wai me ake ta ɗauka ne a nan? Mata biyu sun rungume jakunkunansu sun fita, ko awo ban gama musu ba."

"Maigida, aikin injiniyoyi ne, ba za ka gane ba."

"Ai na gane. Ana ɗauka da yawa, ana mayar da kaɗan. Haka wani ƙanen matata yake."

Tela bai rufe baki ba lasifika ta yi shiru. Ashe kowace sanarwa ita ma sai ta ari nata gurbin kafin ta fita. Tafintan da ke kaiwa la'asar, ranar ko shayina bai huce ba ya sheƙa lahira.

Na ce, "Sannu da aiki. Ka rage masa wahalar jinya."

"Ke ba ki san komai ba. Yanzu ai na tabbatar akwai yoyo."

"Wannan ai ko tela ya tabbatar."

Washegari na fita cin abincin rana, na dawo na tarar da kwamfutata a kwance an farke mata ciki, sukurori warwatse a kan tebur. Ya zare memorina ya ƙara wa injin gwaji.

"Mai yawan ci ba a hana shi abinci," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Faɗaɗa masa tumbi ake yi."

"Randa na yoyo, ka tafi sayo babbar randa mai huji iri ɗaya. Mayar mini da kayana."

"Ki bari ki ga ikon Allah."

Mun kuwa gani. Tafinta ya wuce la'asar, Sha-Yanzu ya miƙe yana zagaya ɗaki yana tafa wa kansa, har ya fara rubuta wa Yaya saƙon albishir. Bai kai ga aikawa ba allo ya daskare. Garin mayar mini da memorin cikin fushi ya soka shi a juye, ya danna da ƙarfin tsiya, muka ji ƙas. Tun daga ranar kwamfutata ba ta sake cewa komai ba sai ƙii-ƙii-ƙii.

Wani da kunya za ta kama shi ya lafa. Shi kuwa kwana ya yi yana tunani, ya shigo da safe idonsa na ƙyalli, ya nufi farin allon da ke bango ya goge duk zanen Yaya da hannun rigarsa.

"Na gano bakin zaren. Laifin mai shara ne. Mai sharar Yaya kunya ta yi masa yawa. Kafin ya share gurbi sai ya bi kowa yana tambaya, akwai mai buƙatar wannan? In ɗaya ya ce e, sai ya bar shi. Yaushe za a yi shara a haka? Nawa ba ya tambaya. Duk abin da ya zauna shiru na ɗan lokaci ba a taɓa shi ba, shara ne, a kwashe."

"Yaya ta ce kar ka taɓa shi."

"Ba taɓa shi zan yi ba, ritaya zan yi masa."

Cikin yini guda ya rubuta sabon mai shara. Ya zauna gwaji da kansa: ya zuba lambobi rututu, duka ya tura su ɗakin likita, ya riƙa kiran su nan take ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince ƙasa a shinkafa. Layin da ke nuna cikar memori ya kwanta lif, ko motsi. Daɗi ya kashe shi, har ya buga bango ya kira tela ya zo ya shaida.

Tela ya ƙura wa allon ido ya ce, "Ni dai layi na gani a kwance. A fim, in layi ya kwanta haka, mutum ya cika."

"A nan lafiya ce, maigida. Ka shirya mini sabuwar riga, ranar da zan nuna wa asibiti aikin nan nake son ta."

Na ce masa gwajin nan bai yi ba. A ba ni in gwada da ɗakuna daban-daban, in bar wasu lambobin su daɗe ba a kira su ba.

"Da wace kwamfutar? Taki ai ta mutu."

"Wa ya kashe ta?"

"Yanzu ba lokacin tone-tone ba ne."

"To ba ni taka."

"Ki shigar mini da ido? A'a."

Na ɗauki waya zan kira Yaya, sai ya tuna mini likita ya ce kada a tayar mata da hankali. Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma da ita ya ɗaure ni. Na ajiye wayar.

Ranar da ya zaɓa ya ɗora sabon aikinsa a asibiti ta zo daidai da ranar awon Yaya, kuma da gangan ya yi, wai yana son ya ba ta mamaki. Ni na rako ta. Muka karɓi lamba muka zauna a benci na baya, ba ta san komai ba. Can gaba ga Sha-Yanzu cikin sabuwar riga tana ɗaukar ido, ya tsaya kusa da babbar nas yana nuna mata allo.

"Sista, daga yau kin huta. Ko shekara za ki yi ba ki kashe shi ba, ba zai ce uffan ba."

Babbar nas mace ce gajera mai gilashi a kan karan hanci, ba ta dariya sai da dalili. Ta ce, "Allah ya sa."

Da farko komai ya tafi sumul, don na sahun farko ba su daɗe a zaune ba aka kira su. Da rana ta ɗaga ɗaki ya cika, jira ya fara tsawo. A nan ne sabon mai shara ya kama aiki. Duk wanda ya daɗe a zaune, sai ya share gurbinsa ya ba sabon shigowa. Lambar mutum tana nan a layi, amma ɗakin da ke jikinta ya zama na wani.

Lasifika ta ce, "Lamba ashirin da uku, ɗakin awon ciki."

Wani dattijo mai farin gemu, wanda ciwon gwiwa ya kawo, ya dubi takardarsa, ya dubi allo, ya sake duban takardar. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ni?"

Wani daga gefe ya ce, "Baba, wata nawa?"

"Wata nawa na ubanka! Gwiwa ce!"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Sha-Yanzu ya ɗaga hannu yana murmushin yaƙe. "Ƙaramin abu ne, Baba, kuskuren mai shigar da lamba ne." Matar da ke ba da lamba a ƙofa ta watsa masa harara.

"Lamba ashirin da huɗu, ɗakin rigakafin jarirai."

Wani ƙaton direban babbar mota, kuncinsa a kumbure saboda haƙori, ya miƙe har kansa na neman taɓa fanka. Bai iya magana sosai, sai ya nuna kuncin ya yi gurnani. Bai gama ba aka tura wata mai goyo ɗakin cire haƙori. Ta kwanto jaririn ta buɗe masa baki tana nuna wa jama'a.

"Ku duba mini! Ko ɗaya bai fito ba, me za a cire?"

"Ku yi musaya da direba mana," in ji dattijon nan, wanda yanzu abin ya fara yi masa daɗi tunda ya samu abokan tafiya.

Nan fa wuri ya kaure. Nas-nas suka fito daga ɗakuna suna mayar da mutanen da ba nasu ba. Mai duba ido ya leƙo yana tambayar wa ya turo masa mai karaya. Sha-Yanzu ya durƙusa bayan kantar asibitin gaban kwamfuta, gumi ya jiƙa sabuwar riga, yana danne-danne yana cewa, "Minti ɗaya, sha yanzu..." Bai iya ƙarasawa ba, don lasifika ta kira lambar Yaya, ta tura ta ɗakin kaciya.

Yaya ta kama kafaɗata ta miƙe a hankali. Mutane suka dare mata hanya har gaban kantar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka taɓa mai shara?"

"Ba taɓawa ba ce, Yaya, inganta shi na yi."

"Me yake sharewa?"

"Duk abin da ya zauna shiru ba a taɓa shi ba."

Ta juya ta bi bencina da kallo, daga na gaba har na baya, kowa a zaune da 'yar takardarsa a hannu.

"Shi ne ka kawo shi ɗakin jira."

Waɗanda suka gane da waɗanda ba su gane ba duk suka fashe da dariya. Yaya ba ta yi ba. Ina kusa da ita, na ga idonta ya cika da ƙwalla, kuma daidai lokacin allo ya yi baƙi ƙirin. Babbar nas ta sa hannu ta zare wayar wuta da kanta.

"Na yi haƙuri da daskarewa," in ji ta. "Ba zan yi haƙuri da a aika mini mutane inda za a cire musu abin da ba su kawo ba. Ku kwashe kayanku."

Yaya ta sunkuyar da kai. Tausayinta ya kama ni har na ji kamar in rufe ɗan gwaggona da duka. Shi ma ya gani. Ya miƙe daga bayan kantar, fuskarsa ta yi wani iri, ya ce, "Sista, kar ki hukunta Yaya, ba ta ma san na yi ba. Ki bar allon a kashe. Ni zan kira miki layin nan da bakina har a gano ciwon. Wallahi muryata ta fi lasifika."

Ko a cikin ban haƙuri sai da ya cika baki. Babbar nas ta dube shi ta saman gilashi.

"Har ƙarshen wata. In ka tsallake mini mutum ɗaya, ko ɗaya, kun tafi."

Haka babban injiniya ya koma sanƙira. Tun safe yana tsaye yana ƙwala kira, kuma ba laifi, yana da murya. Sai dai gargaɗin nan ya shiga jikinsa. In ya kira lamba ba a amsa ba, ba ya yarda ya wuce ta, don kada mai ita ya dawo a ce ya tsallake shi. Sai ya riƙe ta a ka, duk zagaye ya sake kira. Ga shi a asibiti kullum akwai masu karɓar lamba su gaji da jira su yi tafiyarsu ba sallama. Da safe irin waɗannan ba su da yawa. Da azahar kuwa, kafin ya kai ga mutum ɗaya da ke zaune, sai ya jero tarin lambobin da masu su tuni suna gida suna barci.

A rana ta biyu na je kai masa ruwa. La'asar ta gabato, muryar ta dushe, yana ta jero lambobin da ba mai amsawa, marasa lafiya har sun haddace suna taya shi. Yana cikin jerowa muryar ta ɗauke ɗif. Ya tsaya baki buɗe, ido a waje, bai motsa ba.

Babbar nas ta duba agogo ta ce, "Shi ma ya daskare. Lokacinsu ɗaya."

Sai na ga ya zabura. Ya damƙi hannun matar da ke ba da lamba ya tsayar da ita a wurinsa, ya yafuto ni, muka fita a guje. A gidan Yaya muka tsaya. Tana kishingiɗe a falo, ƙafafu a kan matashi. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ya gwada, ya sake gwadawa. Da ya ga ba dama, sai ya koma wasan bebe. Ya miƙa hannu kamar yana karɓar lamba daga wurina, ya zauna a kujera, ya duba agogo, ya yi hamma, ya sake duba agogo, ya murguɗa baki kamar mai tsaki, ya miƙe ya fice daga falon. Ya dawo yana nuna kujerar da ya bari, yana nuna kansa, yana buɗe hannuwa alamar abu na kumbura.

Na ce, "Yaya, ina jin rana ce ta taɓa shi."

"Yi shiru." Ta gyara zama. "Sake yi."

Ya sake, har da ƙarin hamma.

"Masu tafiya ba a kira su ba," in ji Yaya a hankali. "Ba wanda ke gaya wa Tafinta sun tafi. Mai shara ya tambaya ko akwai mai buƙatar gurbin, layi ya ce e, yana jiran su. Har abada yana jiran su."

Sha-Yanzu ya yi tsalle ya dire yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Gyaran bai fi 'yan layuka ba. Yaya ta yi shi a kwance, aka dawo da tsohon mai shara, aka koya wa layi ya saki lambar da aka kira ba a amsa ba bayan an ba ta isasshen lokaci. Wannan karon ni na yi gwajin, da kwamfutarsa, yana tsaye yana kallo ba bakin hanawa. Babbar nas ta yarda aka kunna. Tafinta ya wuce la'asar, ya wuce magariba, ya kwana ya tashi garau. Ta ce kayanmu su zauna.

Abin da ya fi ba ni dariya, kuma ya ɗan ba ni tausayi, shi ne tun da nake da Sha-Yanzu wannan ne karon farko da ya yi abin da ya isa a cika baki a kansa, ga shi ba muryar. Yana ta zagaya mutane yana nuna ƙirjinsa, tela na cewa, "Ƙwarnafi ne? Sha kanwa."

Da Yaya ta koma awo muka tafi da shi a duba maƙogwaron. Likita ya haska, ya ce ba wani abin tsoro ba ne, amma sai ya yi mako guda bai yi magana ba. Yaya ta dafa kan ƙanenta, ta shafa shi kamar yadda take yi tun yana yaro, idonta cike da ƙauna.

"Likita," in ji ta, "don Allah ba za a iya ƙara masa zuwa bayan na haihu ba?"